Tsatsa ta kama tankin babur ɗina, wai in zuba ruwan batir?

Mai Kifin Lagdo (Yelwa, Garwa):

Assalamu alaikum jama'a. Matsala ce ta same ni, na ce kafin in yi wa kaina ɓarna bari in kawo ta nan, tunda akwai masu gyara a cikinmu.

Sana'ata kifi. Da asuba nake barin Garwa in tafi Lagdo, in saya a bakin ruwa hannun masunta, in ɗauro a babur in dawo kafin rana ta take. Sau huɗu a mako, wani lokacin biyar idan ruwa ya yi kyauta. Babur ɗin 125 ne ɗan Indiya, sabo fil na saye shi a 2023, da kuɗin adashe da na raguna biyu da na sayar. Ba bashi a kansa, alhamdu lillahi, amma in ya kwanta ba ni da na sayen wani.

Ran Talatar da ta wuce ina dawowa, kula cike da karfasa da tarwaɗa ga ƙanƙara a kai, sai ya fara shaƙewa. In na ja mai ya yi kamar zai tafi, sai ya yi tari ya mutu. Na juya robine, makunnin mai na ƙasan tanki, zuwa rizab, wato man ajiya, abin ya ƙara lalacewa. Haka na tura shi a rana, ina jin ruwan ƙanƙara yana ɗiga a dunduniyata, har na kai wajen wani yaro mai gyara a gindin darbejiya. Ya kwance kofin ƙasan kafireto ya juye a tafin hannunsa ya miƙo mini. Wani jan gari ne kwance kamar dakakken barkono, ga ɗigon ruwa biyu suna yawo a ƙarƙashin man kamar idon kifi. Ya wanke, ya hura, ya mayar, babur ya tashi. Ya ce, "Yaya, daga tanki yake, zai dawo." Kifin kuwa kada ku tambaya, masu banda na bai wa a rabin kuɗi.

Da na iso gida na haska fitilar waya a bakin tankin. Ƙasan duk ya yi ɗigo-ɗigo ja kamar mai ƙyanda. Tunda ido ya buɗe sai na zagaya babur ɗin a tsanake, abin da na daɗe ban yi ba. Wuyan salansa ya koma ruwan ƙasa. Kariya, daidai inda nake ɗaure roba, fenti ya tashi ɓawo-ɓawo. Wayoyin ƙafar baya sun yi ja, notin shok haka, sarƙa kuma da safe sai ta yi ta ƙara kamar ƙofar tsohon shago. Amma gaban babur ɗin yana nan yana walƙiya. Ka ce babura biyu aka yanka aka haɗa.

Abin da ya fi ba ni haushi, ni ba mai sakaci ba ne. Kullum da yamma sai na gangara bakin Binuwai na wanke shi tas da garin sabulu saboda ƙarni. Da dare in lulluɓe shi da tamfol a tsakar gida, don mai ɗakina ta rantse ƙarnin kifi ba zai kwana mata a zaure ba. Mai kuma zuwa-zuwa nake sha kamar kowa, fetur ɗin nan na kwalba a bakin titi, lita ɗaya ko biyu, gwargwadon abin da ke aljihu. In gaskiya za a faɗa, tun ranar da na fito da shi daga shago ban sake cika tankin ba.

Yanzu wani abokina a kasuwa ya ce in sauke tankin in zuba ruwan batir, asid ɗin nan, in girgiza, minti goma ya koma sabo. Wani kuma ya ce sauran jikin in bi shi da baƙin mai ko'ina. Ruwan batir ɗin har na saya, yana nan a kwalba a bayan ƙofa, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Masu sani, in zuba ko kada in zuba? Kuma me ya sa baya kaɗai ke ruɓewa?

Baba Mai Sifana (Domayo, Marwa):

Wa alaikumus salam ɗana. Kwalbar nan ta bayan ƙofa, ɗauke ta tun kafin yaro ya ɗauka ruwan sha ne, ka mayar wa mai batir. Wanda ya ba ka shawarar ba mugunta ya yi ba, ya ga ana yi ne, bai ga tankin bayan wata uku ba. Ni na gani. Ruwan batir ba ya rabe tsatsa da lafiyayyen ƙarfe, duka yake ci, ga ƙarfen tanki ba kauri. Yana shiga ɗinkin ƙasa inda aka haɗa ɓarin tankin ya maƙale, duk ɗaurayar da za ka yi ba ta fitar da shi gaba ɗaya. Ranar farko ciki fari tas, kana murna. Bayan wata biyu sai ka ga fenti ya kumbura a gefe, ka danna da farce mai ya tsatso. Balle ya fantsar maka a fuska. Garin neman gira a rasa ido, a nan ba karin magana ba ce kawai.

Ga yadda nake yi, kuma da kanka za ka iya a tsakar gida, aikin haƙuri ne ba na gwaninta ba. Ka sauke tankin, ka juye man a jarka a fili, nesa da murhu da masu sigari. Ka kwance robine, ka kwance abin awon mai in naka yana da shi, don su ba irin ƙarfen tanki ba ne, tsami yana cinye su. Ka toshe ramukan da guntun tsohon tub. Sai ka samo noti kamar 20, ka ƙirga su da kyau kafin ka zuba, ka ƙara kalanzir kaɗan, ka rufe, ka yi ta girgiza kamar mai kaɗa nono a gora. Juya shi sama, juya shi ƙasa, gefe da gefe. In hannu ya gaji ka bai wa yara, suna son irin wannan. Notin ne ke kankare ɓawon da ya yi kauri. Ka juye, ka ƙirga notinka, ka wanke da ruwan sabulu har maiƙon ya fita.

Daga nan sai binega, farin nan da mata ke sa wa salak. Tankinka bai wuce lita 11 ko 12 ba, amma ba sai ka cika shi ba, kuɗin zai yi yawa. Lita huɗu ko biyar ya isa, tunda tsatsar a ƙasa take. Ka bar shi ya kwana, da safe ka kwantar da tankin a ɗaya gefen, da yamma ɗayan. Kwana ɗaya zuwa biyu, kana leƙawa. Abin da zai fito baƙi-baƙi ne kamar ruwan rini, kada ka tsorata. Ka ɗauraye, sannan ka bi shi da ruwan bikabonet, wato bekin soda, don ya kashe tsamin, in babu ka jiƙa kanwa ka tace.

To nan ne mutane ke faɗuwa. Ƙarfen da aka wanke da tsami tsirara yake, kafin ka je ka ci abinci ka dawo ya sake yin ja. Saboda haka ka fara ɗaurayar ƙarshe da hantsi, ba da magariba ba. Ka zazzage ruwan, ka buɗe duk ramuka, ka kifa shi a rana. Ranar Garwa ba sai an roƙe ta ba. Yana bushewa ka zuba fetur rabin lita da ɗan cokalin man inji sabo, ka jujjuya ya shafi ko'ina, ka zubar, ka ɗora tanki, ka cika shi a ranar. Ka sayi ƙaramar filtar nan ta roba mai haske ka sa a tiyo tsakanin robine da kafireto. Ba ta da tsada, kuma da ido za ka riƙa ganin abin da ke saukowa.

Abu guda: in bayan wankin ka ga huda, kada ka ce binega ya huda maka tanki. Dama hudar tana nan, tsatsa ce ta toshe ta. Kuma kada ka bari wani mai walda ya sa wa tankin wuta don kawai ya shinshina ya ce ba wari. Tururin fetur yana zama a ciki ko tanki ya bushe. Akwai wanda na sani a garin nan, har yau gira ɗaya ba ta fito ba, kuma shi ya yi sa'a.

Yanzu daga ina ruwan ya shiga? Zuwa-zuwa ba laifinsa ba ne a kan kansa, ni ma shi nake sha. Amma ka dubi tafiyar da ya yi daga Najeriya, daga duro zuwa jarka, daga jarka zuwa kwalba, a damina, a bakin titi. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwanciya. Kafin yaro ya juye maka, karɓi kwalbar ka ɗaga ta ga haske ka dubi gindinta. In ka ga wani ƙwallo yana gangarawa shi kaɗai, ka ce ya canza. Kuma kada ka bari ya kakkaɓe maka ɗigon ƙarshe, ka yafe masa. Wannan ne ya sa da ka juya rizab abin ya ƙaru, don rizab daga can gindin tanki yake ja, inda ruwa da gari suka taru. Na biyu, tankin da kullum lita ɗaya ce a ciki, sauran iska ce, iskar damina kuwa ruwa ce. Rana ta gasa shi, dare ya sanyaya shi, sai ya yi gumi ta ciki kamar murfin tukunya. Na san kuɗin cika tanki da nauyi, amma sau ɗaya ne. In ka cika, sai ka riƙa mayar da abin da ka ƙona kowace yamma, lita biyun nan taka dai ce.

Lokacin da na fara koyon aiki, Suzuki da Yamaha 100 ne ke kilando, wato acaɓa, a Marwa, masu hayaƙin nan, ga mobilet da ake haɗa wa fetur da mai. Salansarsu toshewa take da baƙin maiƙo, sai mun ƙona ta, amma ba ta ruɓewa ta ciki. Tankin mobilet ma kullum da maiƙo a jikinsa. Na yanzu ba hayaƙi, ba shan mai, amma ƙarfen a bushe yake, sai mai shi ya kula.

Batun baya kuwa, kai da kanka ka ba da amsa, ka ce ruwan ƙanƙara yana ɗiga a dunduniyarka. Ruwan nan da yauƙi da jini yake, yana manne wa ƙarfe ba ya saurin bushewa, awa guda da wani abu yana zuba a kan kariya da shok da wayoyi, sau huɗu a mako, shekara biyu. Ka samo faranti ko rabin jarka ka sa a ƙarƙashin kula, ka huda kusurwa ɗaya ka sa tiyo ya sauka can baya, ya wuce taya. Sannan ka cire kujera ka dubi shasi, ka bi duk waldar kariya kana ƙwanƙwasawa da bakin sukudireba. Jan da ke sama ba ya ba ni tsoro. Inda ka danna ya lotsa, ko ka ga tsaga, shi za ka gaya mini.

Ɗan Kilando Kusiri:

Baba ya gama magana kan tanki, ni dai in ƙara abin da ya same ni. Ambaliyar 2022, lokacin da Logon da Shari suka cika suka shiga unguwanni, nan Kusiri da can Waliya a Njamena, babur ɗina kwana huɗu ya yi a ruwa har wuyan inji. Allah ya taimake ni wani dattijo ya hana ni buga kik. Muka juye man inji, ya fito kamar koko da madara, muka canza har sau biyu, muka wanke kafireto, muka cire filogi muka fitar da ruwa. Ya tashi lafiya, na ce shi ke nan na tsira.

Bayan wata biyu sai faci ya ishe ni. Yau a gadar Ngeli da fasinja, jibi a kasuwa, kullum ƙafar baya, kuma a duba taya ba ƙusa ba ƙaya. Tub uku na saya. Sai wani mai faci ya cire tayar gaba ɗaya ya ɗaga robar da ke rufe kan wayoyi, ya ce zo ka gani. Cikin rim ɗin ya zama kamar ƙanzon tuwo, ɓawo yana tashi da kaifi, shi ke yanka tub. Ruwa ya shiga ta ramukan wayoyi ya zauna, waje kuwa yana ƙyalli. Muka kankare da buroshin ƙarfe da sanfefa, muka shafa jan fentin nan antiruy mai hana tsatsa, ya bushe, muka sa sabuwar roba. Daga nan faci ya tsaya. Waya huɗu kuma da aka taɓa su da sifana sai suka karye a wuya.

To Mai Kifi, kai da ke tsayar da babur a cikin kogi kullum, na rantse ka cire tayar baya ka leƙa. Ka sa a duba boris ɗin ƙafa ma, a cusa giris, da wayar birki da ta kuloc a ɗiga musu mai.

Maganar baƙin mai kuma ni ina bayan abokinka. Mu nan duk ranar juye ba ma zubarwa, a gora muke tarawa, a shafa wa sarƙa da noti da ƙarƙashin babur. Kyauta ne, kuma ban ga wanda ya mutu ba.

Malamin Lise (Gidar):

Sallama ga kowa, gaisuwa ta musamman ga Baba. Ni ba makaniki ba ne, kimiyya nake koyarwa, amma ina da babur kuma na yi irin kuskuren Mai Kifi, nawa da taki. Shekara biyu ina ɗauko buhun NPK da yuriya zuwa gonar mahaifina, garin yana zuba a kariya ban damu ba. Taki yana jan laima daga iska ya narke, sai da kariyar ta ɓalle da buhu a kai na gane.

Tsatsa abu uku take buƙata, ƙarfe da iska da ruwa. Ka raba ƙarfe da ɗaya daga cikin biyun, ta tsaya. Gishiri da dangoginsa ba su ne tsatsar ba, gudu suke ƙara mata. Kuma ba kamar alminiyom take ba, wanda in ya yi dusashe a sama sai dusashen ya zama masa riga. Tsatsar ƙarfe kumbura take, ta tsage, ta riƙe ruwa kamar soso, ta ɗaga fentin da ke kusa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, robar da kake ɗaure kula da ita ce ta fara goge fentin.

Ɗan'uwa, abin da zan faɗa ba zai yi maka daɗi ba, amma kulawar da kake yi tana cikin abin da ke cin babur ɗin. Garin sabulu aikinsa cire maiƙo, kullum kana wanke ɗan man da ke kare sarƙa da noti, ba ka mayarwa. Kana wankewa da yamma rana ta faɗi, ka kai shi gida a jiƙe, ka kifa masa tamfol har ƙasa. Ƙasar tsakar gida tana fitar da laima, tamfol ya tare ta, babur ya kwana a cikin tururi. Gara ma ka bar shi a buɗe da wannan. Abin da ya fi, rumfa ko da ta zana ce, sama a rufe gefe iska na wucewa. In dole sai tamfol, to bayan ya bushe, kuma kada ya taɓa ƙasa. Ka rage sabulu zuwa sau ɗaya a mako, sauran ranaku ruwa zalla a bokiti a bayan kawai, ka goge da tsumma, ka hau ka zagaya minti goma zafin inji da na birki su busar da shi. In ka lura da safe birkin baya yana cafkewa da farko, tsatsar dare ce a cikin dram.

Salansa kuma, kowace lita ta fetur da ta ƙone tana fitar da ruwa kusan lita guda, a tururi. Masu gajeriyar tafiya a gari, salansa ba ta yin zafin da za ta kore shi, sai ya kwanta a ciki. Kai mai doguwar hanya ne, naka ruwan kogi ne da kake watsawa ta baki. Wasu suna da ɗan rami a ƙasa na zubar ruwa, duba ko laka ta toshe shi. Wuyan kuma fentin gida ba ya zama, ƙonewa yake, sai mai jure zafi.

Inda ke da ƙyalli kuma tsatsar ɗigo-ɗigo ce, kada ka sa sanfefa. Takardar alminiyom ɗin nan da masu gasa kifi ke naɗi da ita, dunƙule ta ka tsoma a ruwa ka goga. Ba ta kai ƙyallin tauri ba, don haka ba ta karce shi. Wasu da Coca-Cola suke yi, akwai ɗan asid na fosforik a ciki, yana taimakawa kaɗan, amma ka ɗauraye don sukari. Ka fi kula da sandunan shok na gaba, in suka yi ƙuraje suna yaga robar da ke riƙe mai. Ƙananan noti kuma jiƙaƙƙiyar tsamiya ma tana cire musu tsatsa in sun kwana a ciki.

Masu amfani da WD-40, man feshin nan na gwangwani, yana da kyau wajen korar ruwa da kwance notin da ya cije, don haka aka yi shi tun 1953 a San Diyego ta Amurka, har jikin makamin roka aka fara shafa wa. Amma siriri ne, ba ya zama a sarƙa. Sarƙa a wanke da kalanzir, a sa man giya mai kauri, lamba 80 ko 90.

Ɗan Kilando, a nan muka rabu. Baƙin mai ya gama aikinsa, akwai garin ƙarfe da dattin ƙuna a cikinsa, ga shi ba ya da kyau ga fatar hannu. Baba kuma, da izininka, kanwa tana zuwa da gishiri a jikinta, in da ita aka kashe tsami to a bi da ruwa mai kyau sosai.

Baba Mai Sifana (Domayo, Marwa):

Malam ka yi daidai kan kanwa, na manta ban ce a ɗauraye ba. Baƙin mai kuwa ku duka biyu kuna da rabin gaskiya. A damina, a ƙarƙashin marfin taya da ƙafar tsayawa da gindin shasi, inda lakar karal, baƙar ƙasar nan mai danƙo, ke mannewa, in mutum ba shi da giris ya shafa, ya fi babu. Amma a sarƙa da hunturu, a'a. Ƙurar Marwa ta hau baƙin mai, ka haɗa dutsen wasa wuƙa ke nan, haƙoran da ya kamata su yi shekara sai su yi wata biyar. Murfin sarƙar nan da ku 'yan kilando kuke cirewa don gayu, shi ya fi kowane mai amfani. Kuma ko wane iri ne kada ya kusanci birki da taya.

Mai Kifin Lagdo (Yelwa, Garwa):

Baba, Malam, Ɗan Kilando, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru ne don ina kan aikin. Ruwan batir na mayar, mai shi ya ƙi ba ni kuɗina, na bar masa.

Ran Juma'a bayan masallaci na sauke tanki. Noti 20 na zuba, ƙannena biyu suka yi ta girgiza suna dariya. Da muka juye, 19 suka fito. Baba, sai da na tuna ka. Mun fi rabin awa muna juya tankin nan, muna jin sa yana ƙwal-ƙwal yana ƙin zuwa baki, daga ƙarshe da maganaɗisun tsohuwar sifika a bakin waya muka kamo shi. Binega lita huɗu, na zagaya shago uku kafin in haɗa, mai shagon ƙarshe har ya tambaye ni ko gidan abinci zan buɗe. Ya kwana biyu. Abin da ya fito na tara a roba na bar shi ya kwanta, garin da ya zauna a ƙasa ya kusa cika gwangwanin tumatir ƙarami. Ciki ya koma ruwan toka, sumul.

Sai dai maganarka ta tabbata. Da na zuba fetur na jujjuya, sai ga wani ɗan danshi a gefen hagu can ƙasa kusa da ɗinki, wajen da babur ke kwantawa in an jingine shi. Ba ya ɗiga, amma in ka goge ka ƙirga goma sai ya dawo. Na kankare fentin wurin, huda ce kamar bakin allura, guda biyu kusa da juna.

Tayar baya ma na sa an cire. Ɗan Kilando, kamar ka leƙa, sai dai nawa bai kai naka ba, buroshi da antiruy sun wadatar, waya biyu aka canza. Kariya kuma akwai tsaga a waldar dama, rabin zagaye, ƙarƙashin inda robar ke bi. Da kula cike nake hawa wannan hanyar a kanta. An yi mata walda jiya, ita ba ruwanta da fetur. Rabin jarka da tiyo na ɗaura, ba kyan gani amma ƙasa ruwan ke zuba. Mai ɗakina ta ce zaure dai a'a har yanzu, amma ta yarda in kafa rumfa a jikin katangar bayan madafa, zana huɗu na sayo.

Saura tankin. Wani mai gyaran lagireto a nan ya ce zai cika shi da ruwa ya like hudar da dalma da ƙarfe mai zafi, ba harshen wuta. Wani kuma yana da tsohon tanki na babur irin nawa da ya yi hatsari, ya lotsa kaɗan a sama, na haska ciki ba ja ko ɗigo, amma kuɗinsa ya ninka na likin sau huɗu. Baba, likin dalma yana riƙewa a kan hanya mai girgiza irin ta Lagdo, ko in daure in sayi tsohon? Gobe dai da babur ɗin ƙanin mai ɗakina zan je, na yi masa alkawarin giwan ruwa guda.